Lamba a Bangon Matafiya

A shekarar 1998, bayan ɗaukewar damina, Waliyyullahi ɗan Malam Haladu shi ne shugaban ƙaramin gidan waya na unguwar Chagoua a birnin N'Djamena. Ma'aikatansa da masu zuwa duba akwatin wasiƙa suna kiransa Resebar, sunan da Faransawa suka bar wa muƙamin. Ya haura arba'in da 'yan kai, mutum ne mai tsabtar riga da tsabtar aiki, kuma iyalinsa suna zaune a gidan hukuma da ke bayan ofis.

A zamanin ba ƙuri'a ce take kawo magajin gari ba. Tsarin mulkin da aka amince da shi a 1996 ya yi alkawarin zaɓe, amma alkawarin ya daɗe bai sauko daga takarda ba. Daga sama ake naɗa mutum, a karanta sunansa a rediyo, kuma ta nan ɗin yake jin an sauke shi. Saboda haka duk wanda ya hau yakan shigo da gaggawa, yana neman aikin da ido zai gani kafin rediyo ya ambaci sunan wani. Wanda ya hau a wannan labari tsohon mai awon filaye ne, dogo, mai ƙarancin magana, wanda karkataccen layi yake hana shi sukuni. Ya yi umarni a rubuta wa kowane gida lamba da shuɗin fenti a gefen ƙofa. Ya kuma sa aka yi shela cewa ranar da zai fito duba aiki, duk ginin da aka samu ba lamba za a ɗauke shi a matsayin wanda ba shi da mai shi, katafila ta bi ta kansa. Da yake gidan waya na cikin masu cin moriyar aikin, sai aka sa Waliyyullahi a kwamitin.

Shi kuwa ya yi murna da farko. Ya san wahalar wasiƙar da take zuwa daga Kano ko Jidda ba ta ɗauke da komai sai sunan mutum da sunan gari. Murnar ba ta kai mako ba, domin a duk Chagoua gida ɗaya ne ya ƙi lamba, kuma gidan mahaifinsa ne.

Dalilin ya girmi Waliyyullahi. Kakansa, Malam Abdulmutallib, ya bar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy, Chagoua kuma tana ƙauyen masunta a bakin kogin Shari. Naƙuda ta kama matarsa a nan, aka haifi Haladu, ya ce zai tsaya damina ɗaya ya yi guzuri. Damina ɗayan nan ta yi ta ƙaruwa, shekara bayan shekara, har ta kai shi kabari. Kafin ya cika ya gargaɗi ɗansa cewa su baƙi ne masu wucewa, kada ya yarda a lissafa su cikin mazauna, domin ranar da suka yarda niyyar ta warware. Malam Haladu ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe lafiyarsa. Bai taɓa sa siminti a gidan ba, bai dasa itace ba. Sandar mahaifinsa da gorar ruwansa suna rataye a zaure. In aka tambaye shi ina ne gida, amsarsa ɗaya ce: muna kan hanya. A yaƙin 1980, da mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusuri, ba harsashi ne ya fi damunsa ba; abin da ya dame shi an mayar da shi yamma alhali gabas ya nufa.

Ranar Laraba da la'asar Waliyyullahi ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidan. Wurin da masu fenti suka rubuta lamba jiya ya sha sabon yaɓe, har da zanen yatsu a jiki. Wannan ba shi ne karon farko ba. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Malam Haladu yana kan buzu yana gyara igiyar guga, ƙanwarsa Zaliha kuma tana bakin ƙofar ciki tana tsince shinkafa a faifai.

"Baba, an sake shafe ta."

"Damina ta ci bango, na yaɓe," in ji tsohon, bai ɗago ba. Bai taɓa kiran ɗan nan da sunansa ba, kasancewarsa na fari. "Ko hukumarku ta hana yaɓe, mai gidan waya?"

"Ruwan ya yi hankali, Yaya," in ji Zaliha. "Duk faɗin bangon nan bai ga wurin ci ba sai inda aka sa shuɗi."

"Ke da wa?"

"Ni da wanda zai sa in kwana a titi."

Waliyyullahi ya sassauta murya. "Baba, wannan ba irin ƙidayar 1993 ba ce da ka tafi gona har masu ƙirga suka wuce. Wannan mutumin ya riga ya kawo katafila, na gan ta da idona a harabar meri." Meri shi ne sunan da kowa yake kiran ofishin magajin gari. "Ranar Asabar zai fito. In babu lamba za a rushe gidan. Gwaggo tana ciki, ƙanwata Lailatu da marayunta suna ciki. Ina za su?"

"Inda Allah ya nufa. Matafiyi ba ya kukan rumfa."

"Lamba ce kawai, don a san inda za a same ka."

Sai a lokacin tsohon ya ɗago. "Ai abin da ba na so ke nan. Wanda aka san inda za a same shi ya zauna. Ka ce in bari a rubuta a bangon ubana cewa ya iso? Bai iso ba. Ni ma ban iso ba."

"Na ce zan nema maka kujerar jirgi, ka ƙi."

"Da ƙasa ubana ya ɗauko tafiyar nan, da ƙasa za a ƙarasa ta. Ba a tsallake hanya ta sama a ce an bi ta."

Zaliha ta ajiye faifai. "To ka bi ta mana! Tun ina budurwa kake ɗaura takalmi. Ka ce sai an girbe gero, aka girbe. Ka ce sai yaƙi ya ƙare, ya ƙare. Ka ce sai Lailatu ta yi aure, ta yi, har mijin ya riga ka tafiya. Yaya, jikar jakin da Baba ya zo da shi ma ta mutu da tsufa a gidan nan."

Tsohon ya mayar da ido kan aikinsa. Ya ja igiyar gugan har ta yi ƙara, ya ce wa ɗansa, "In sun sake rubutawa, akwai sauran ƙasa a kwaɓe."

Washegari Waliyyullahi ya je meri, ya jira har aka gama zaman kwamiti, sannan ya nemi ganin magajin gari shi kaɗai. Da Faransanci suka yi magana. Ya bayyana al'amarin yadda zai iya, yana jin yadda labarin kakansa yake yin wani iri a bakin harshen ofis. Magajin gari ya saurara yana juya abin awo na ƙarfe a kan tebur.

"Resebar, kana roƙo ne in tsallake gida ɗaya?"

"Ina roƙon a ba ni lokaci, ranka ya daɗe. Dattijo ne."

"Lokaci ba nawa ba ne da zan ba ka. Ni kaina ban san ko zan kai azumi a kujerar nan ba." Ya nuna ƙaramin rediyon da ke kan taga. "In na tsallake gidan mahaifin ɗan kwamiti, jibi kowane mai shago da ya ci hanya zai zo mini da labarin kakansa. Ranar Asabar daga layinku zan fara, kowa ya gani. In da lamba, zan wuce. In babu, zan tambayi mai gidan a gaban jama'a. Abin da ya faɗa shi zan bi."

Wannan jimla ta ƙarshe ce ta fi tayar wa Waliyyullahi da hankali, domin ya san amsar da mahaifinsa zai bayar kalma bayan kalma.

Ranar Asabar, da gari ya waye, ya jira tsohon ya zauna wuridi a masallaci, wanda ba ya tashi daga gare shi sai rana ta ɗaga. Ya zo da gwangwanin fenti da buroshi ya rubuta lambar da hannunsa, 214, manya-manya. Garin sauri fentin ya ɗiga a bakin rigarsa. Zaliha ta leƙo tana riƙe da buta.

"Gwaggo, don Allah ki tsare shi a ciki. Ki ba shi shayi, ki ja shi da hira, ko faɗa ne ku yi."

"Faɗa kam ba sai ka roƙe ni ba," in ji ta. "Na zubar da kwaɓin nasa a bayan gida tun jiya. Je ka."

Ya tafi meri ya shiga ayari. Motar magajin gari ce a gaba, sai buɗaɗɗiyar mota ta jandarmomi, sai ta 'yan kwamiti, katafila kuma tana biye a baya tana girgiza ƙasa. Tafiyarta ta sa ayarin ya yi jinkiri. Waliyyullahi yana zaune a gefen taga yana duban agogo. Tun daga kan babban titi mata suke fitowa ƙofar gida suna shafa lambobinsu da ido, kamar masu tsoron kada su gudu.

Da aka karya kwanar layinsu, abin da ya fara gani shi ne Lailatu a tsaye da goyo, ta fito da tukwane da tabarmi ta tara a tsakiyar hanya. Sannan ya ga bangon. Yaɓen ɗanye ne, baƙi, yana sheƙi, ruwa yana gangarowa daga ƙasansa. Malam Haladu yana tsaye a gefe cikin farar rigarsa, hannunsa na dama duk laka har gwiwa. Daga baya aka ji cewa daga gindin randa ya kwaso ta.

Katafila ta tsaya, amma direban bai kashe ta ba. Jandarmomi suka diro suka tura mutane baya. Magajin gari ya fito, ya dubi bangon daga sama har ƙasa, ya dubi Waliyyullahi da ɗigon shuɗi a rigarsa. Ya juya ga tsohon ya yi magana da Larabcin gari, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Al-bet da hana yatu? Gidan nan na wane ne, dattijo?"

"Na Allah ne," in ji Malam Haladu.

"Duk birnin na Allah ne. Wa yake zaune a ciki?"

Zaliha ta kutso tsakanin jandarmomi biyu, mayafinta ya zame. "Yaya, ka dubi yaran nan! Ka dubi Allah ka dubi yaran nan kafin ka buɗe baki!"

Tsohon bai dube su ba. Waliyyullahi yana ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Ya yi ta fatan ko sau ɗaya a rayuwa mahaifinsa ya yi shiru.

"Ba mazauni a nan," in ji Malam Haladu a hankali. "Mu baƙi ne. Muna kan hanya."

Wani a cikin taron ya yi salati. Magajin gari ya karkata kai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ka."

"Kuma har yanzu ba ku zauna ba?"

"Ba mu zauna ba."

"Kun dai ji," in ji magajin gari yana duban jama'a. "Da bakinsa ya ce babu mazauni. Ban zalunci kowa ba. Kalas, an gama." Ya ɗaga hannu. Direban ya saki baƙin hayaƙi, bakin katafila ya sauko ya daki ƙasa, ta fara matsowa. Yaran Lailatu suka fashe da kuka.

Waliyyullahi bai san lokacin da ya bar cikin 'yan kwamiti ba. Ya tsinci kansa tsakanin ƙarfen da bangon, zafin injin yana dukan fuskarsa. Wani jandarma ya kama kafaɗarsa, ya fizge.

"Akwai mazauni, ranka ya daɗe!" Sai da ya maimaita kafin muryarsa ta fi ƙarar inji. "Ni ne. A ɗakin can aka haife ni, a bayan gidan nan aka binne cibiyata. Ni ba baƙo ba ne, ba na kan hanyar ko'ina. Nan ne garinmu, nan ne gidana."

Magajin gari ya yi wa direba alama, katafila ta tsaya da gurnani.

"Resebar, gidanka yana bayan gidan waya. Kowa ya sani."

"Na hukuma ne, yau zan mayar mata da mabuɗinta. Kafin magariba iyalina suna nan."

"Dattijo, ka ji abin da ɗanka ya ce. Nasa ne?"

Waliyyullahi ya juya. Tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa a gaban mahaifinsa ba tare da ya rusuna ba, kuma bai taɓa musa masa a gaban mutum na uku ba. Yanzu ga rabin Chagoua suna kallo. Ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Baba, niyyar taka ce, kai aka bar wa. Ni ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. Ka yafe mini."

Tsohon ya dube shi. Lakar hannunsa ta fara bushewa tana tsagewa.

"Ka sauka ke nan," ya ce.

"Na sauka, Baba."

Malam Haladu ya juya ga magajin gari ya ce da Larabci, "Wanda ya ce ya zauna, shi ne mai gida. Nasa ne."

Waliyyullahi ya sa tafin hannu ya share ɗanyen yaɓen. Fentin bai gama bushewa ba, ya cakuɗe da laka, amma ana iya karanta lambar. Magajin gari ya matso ya karanta ta a fili, ya ce wa magatakardansa ya rubuta sunan Resebar, ya koma mota. Katafila ta ja da baya ta bi ayari zuwa layi na gaba, inda ta ci rumfuna uku kafin azahar.

Lailatu ta durƙusa a kan tabarmin da ta fitar tana kuka tana hamdala. Maƙwabta suka taso suna yi wa Waliyyullahi barka. Shi kuwa idonsa yana kan zaure, inda mahaifinsa ya shiga. Ya ji ƙarar ruwa, ana wanke hannu. Da tsohon ya fito, sandar Malam Abdulmutallib tana hannunsa, gorar tana rataye a kafaɗarsa, buzunsa a naɗe a hammata.

"Yaya, ina kuma za ka?" in ji Zaliha.

"Ke kika ce in bi hanyar."

"Ni wasa nake yi! Shekara hamsin ina faɗa ba ka ji ba, sai yau kunnenka ya buɗe?"

"Da ina da masauki," in ji shi. "Yanzu gida ne. Matafiyi ba ya daɗewa a gidan mutane."

Babu irin roƙon da ba a yi ba. Limamin unguwa ya zo, tsofaffin abokai suka zo, aka tuna masa da shekarunsa da ciwon gwiwarsa da nisan garin Abeshe da ke can gabas, balle abin da ke bayanta. Ya saurari kowa cikin ladabi, ya yarda da abu ɗaya kawai, cewa zai hau mota maimakon ƙafa, tunda ita ma a ƙasa take tafiya. A masallaci ya kwana biyu, bai sake ƙetare zauren ba.

Ranar Litinin da hantsi Waliyyullahi ya goya shi a babur zuwa tashar manyan motocin gabas. An ɗora wa motar buhunan sukari da katifu, fasinjoji suna hawa can bisa kaya. Ya roƙi direba ya ba tsohon wuri a gaba, ya damƙa wa mahaifinsa ƙunshin dabino da busasshen nama da Zaliha ta haɗa tana zagi tana share hawaye. Tsohon ya hau ya zauna. Da aka tayar da inji, sai Waliyyullahi ya riƙe ƙofar motar.

"Baba, ko daga Abeshe ne, ko daga Adre ta bakin iyaka, ka sa wani ya rubuto mana. Yanzu wasiƙa za ta iya zuwa har ƙofa. Bari in rubuta maka lambar."

Ya fara laluben alƙalami a aljihu. Tsohon ya gyara sandar tsakanin gwiwoyinsa, yana duban hanya ta gilashi.

"Bar alƙalaminka, mai gidan waya. Na shafe ta da hannuna har na haddace ta."

Ya ja ƙofar ya rufe. Motar ta fita daga tasha a hankali, tana rangaji saboda nauyi.

Magajin garin bai kai azumi ba. Rediyo ya ambaci sunan wani tun cikin Sha'aban, wanda ya gaje shi kuma bai sake waiwayar maganar lambobi ba. Waliyyullahi ya cika alkawari, ya tare a gidan, kuma da bazara ta zo ya sa wa bangon zaure siminti. Ƙusoshi biyun da aka saba rataye sanda da gora a kansu ya hana magini ya cire. Kowace safiya, in an sauke buhun wasiƙun gabas a gidan waya na Chagoua, Resebar ba ya bari wani ma'aikaci ya kwance shi. Shi yake yanke igiyar da kansa.